Geron da Ake Kira Ɗan Lahadi

Ruwan bana ya yi irin abin da ya yi a shekarar da Baba ya rabar da irinmu. Ya makara har mutane suka gaji da ɗaga kai, sannan ya zo da yammacin wata Asabar, ya buga kwanon rufin gidan hayar da muke ciki a Sabon Garin Gusau, ya tayar da ƙamshin ƙasa, ya ɗauke tun bokitin da na tara a indararo bai kai rabi ba. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallo. Na san irin wannan ruwan tun ina yarinya. Yakan jiƙa fuskar ƙasa ne kawai, ya ruɗi manomi ya fito da irinsa.

A lokacin akwai wani ɗan tulu a ƙarƙashin gadona, bakinsa a liƙe da laka, cike da irin gero gauraye da toka. Shi kaɗai na fito da shi daga ƙauyenmu, can bayan Kucheri a ƙasar Tsafe, ranar da 'yan bindiga suka tashe mu. Mata suna ta ɗibar tukwane da zannuwa, ni kuwa tulu na runguma na bi sahun mutane. Ɗana Yohanna, wanda nake zaune a wurinsa yanzu, ya sha yi mini tsiya a kai, wai duk garin nan ni kaɗai ce ke kwana a kan gona. Ban taɓa kula shi ba. Na ajiye shi ne don ranar komawa, kuma duk damina nakan ce wa kaina bana dai ta wuce, baɗi za mu shuka shi a gonar Baba. Muddin tulun nan yana ƙarƙashin gado, ban yarda gida ya ƙare mini ba.

Sunana Saratu. Mahaifina Ayuba manomi ne, kuma dattijo a 'yar majami'armu ta laka. Mu Kirista gidajenmu kaɗan ne, a gefen gari wajen kuka. Sauran duk Musulmi ne, amma rijiyarmu ɗaya, gayyarmu ɗaya, kuma in an yi haihuwa ko rasuwa ba a tambayar gidan wane ne. Mai bishara daga Tsafe yake zuwa a kan keke, sai ya ga dama, saboda haka yawancin Lahadi Baba ne ke buga tsohon ƙarfen mota da muka rataye a maimakon ƙararrawa, shi ne kuma ke jan sujada. Mutum ne mai sanyin magana. Innata Talatu kuwa duk abin da Baba ya rage na magana ita ta kwashe, kuma ni bakinta na gado. Sai ƙanena Bulus, wanda a shekarar da Baba ya rabar da irin ba a daɗe da yaye shi ba.

Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, don haka tun tsakiyar bazara muka ji tsintsiya na karce gindin rumbu. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, daga baya ya koma na dusa. Da safe Inna takan dama kunun tsamiya mai ruwa-ruwa, wanda in ka leƙa ƙwaryar za ka ga fuskarka. Zafi kuwa ba a magana. Da hantsi ƙasa ta riga ta fi ƙarfin tafin ƙafa, kaji suna buɗe baki a gindin danga, iska in ta taso sai ta ƙara ƙona mutum. Rijiya ta ja baya har sai mun zauna a bakinta muna jiran ruwa ya tsatso, guga ya fito da rabin laka, mu kai gida mu jira ya kwanta.

Duk da wannan yunwar, akwai abin da ba a taɓawa a gidanmu, wato tulunan iri guda biyu da ke ɗakin Baba. Geronsa gajere ne mai saurin nuna, daga hannun mahaifinsa ya karɓe shi. Tun a gona yake zaɓar zangarniyar da ta fi cika, ya rataye ta a madafa hayaƙi ya bi ta, in rani ya yi nisa ya sussuke da hannunsa, ya gauraya da toka saboda ƙwari, ya liƙe bakin tulu da laka. Tulu ɗaya na shuka ne, ɗaya na ko-ta-kwana, in shukar farko ta ƙi. Kowace kaka sai ya juye tsohon ya zuba sabo. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce iri abu ne mai rai, toka tana tsare shi daga ƙwari amma ba ta tsare shi daga tsufa. Na ji, na kuwa ajiye maganar a inda yara ke ajiye maganar manya.

A waccan shekarar ma ranar Asabar ruwan ya sauka, garinmu ya ruɗe da murna. An daɗe ana jira, ba wanda ya tsaya tona ƙasa ya ga iya inda danshi ya kai. Gari na wayewa muka ji mutane suna wucewa ta bayan dangarmu da sungumi a kafaɗa, yara na biye da ƙoƙunan iri. Inna ta riga ta ɗaura ɗamara. Baba kuwa ya yi wanka, ya sa farar rigarsa, ya nufi wurin ƙarfen nan ya fara bugawa. Ranar Lahadi ce, kuma Baba tun da ya zama mutum bai taɓa ɗaga fartanya ranar Lahadi ba.

Inna ta bi shi har gindin bishiyar da ƙarfen ke rataye tana magana ƙasa-ƙasa, wai Allah ya san halin da ake ciki, a shuka da safe a yi sujada da yamma. Ya ci gaba da buga ƙarfensa. Maƙwabcinmu Malam Isa, abokin wasan Baba tun suna kiwon awaki, ya zo wucewa da sunguminsa ya tsaya yana dariya.

"Ayuba, ruwa bai san Lahadi ba hwa. Ka taho mu tahi."

"Ku yi gaba, Isa. Wanda ya aiko na jiya bai mutu ba."

An yi sujada a gurguje, waƙa ma ba ta yi armashi ba, kowa kunnensa na gona. Ana tashi, sauran 'yan'uwanmu Kirista suka sulale ɗaya bayan ɗaya ta bayan gari, kowa na yi kamar zai kewaya, sungumi kuwa an riga an ɓoye shi a cikin sabara. Gidanmu kaɗai ya yini a zaune. Washegari da sassafe muka ɗauki tulu muka tafi gona. Baba ya durƙusa ya tona da hannu, bai yi nisa ba ya tarar da busasshiyar ƙasa fara fat. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce mu koma gida.

Abin da Baba ya sha a bakin Inna a kwanakin nan, ni ma da nake bayanta sai da na tausaya masa. Gonar kowa ta yi kore shar da 'yan tsirrai, tamu tana kwance ja kamar fili. Mata a bakin rijiya suna tambayata ko mu bana Lahadi za mu ci. Na ji kunya ƙwarai, na kuma ji haushin Baba har na daina kai masa ruwan wanka sai an aike ni.

Daga nan sama ta rufe. Hadari yakan haɗu a gabas da la'asar, baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe shi, mu bi shi da ido. Tsirran nan suka fara lanƙwashewa da rana suna miƙewa da safe, sannan suka daina miƙewa, suka koma launin kara, iska ta share su. Musulmi suka fita bayan gari roƙon ruwa, manya da yara. Mu ma Baba ya sa aka yi azumi da addu'a a majami'a, Inna ta ce azumin da muka daɗe muna yi ba da niyya ba ne yau aka raɗa wa suna. Wasu suka taka har kasuwar Tsafe neman iri, suka tarar hatsin da ake samu daga nesa aka kawo shi, irin mai daɗewa a gona, wanda ko an shuka damina ba za ta kai shi ba. Masu ɗan abin hannu suka sayo na ci, sauran suka dawo haka nan.

Ruwan gaskiya ya zo a makare, wata Laraba da rana tsaka. Ya yi ta zuba har kwararo ya zama rafi, katangar bayan gidanmu ta zube, kwaɗi suka fito daga inda suka ɓuya. Da safe ƙasa ta jiƙu iya tsawon hannu. Amma ba mu ji wucewar kowa ta bayan danga ba. Maza suna zaune a ƙofar gidajensu suna kallon gonaki, sungumi a jingine. Duk garin ba mai ƙwayar iri sai gidan mutumin da aka yi ta yi wa dariya.

Inna ranar har da 'yar waƙa. Ta riga ta gama lissafinta: tulu ɗaya a shuka gona gaba ɗaya, tunda yanzu ba maganar shuka ta biyu, ɗayan kuma a wanke tokar a riƙa dama wa yara kunu har gero ya nuna. Bulus ya riga ya fara ramewa, wuyansa ya yi siriri, kuka ma ba ya yi da ƙarfi. Muna cikin shiri Malam Isa ya yi sallama. Ya zauna a zaure da Baba, suka gaisa, ya yi barka da ruwa, ya yi maganar katangar da ta faɗi, ya tambayi jikin yaro. Bai ambaci iri ba ko sau ɗaya. Da zai tafi ya ce Allah shi ba da sa'ar shuka, ya fita yana kallon ƙasa.

Baba ya daɗe a zauren shi kaɗai. Da ya shigo, ɗakinsa ya nufa, ya fito da tulu ɗaya ya kai ƙofar gida, ya dawo ɗaukar na biyu. A nan Inna ta tare ƙofa, Bulus a bayanta.

"Maigida, ina za ka da shi?"

"Waje."

"Ka kai guda, na yi shiru. Wanga na ɗiyanka ne. Ka dube su."

"Na dube su, Talatu. Na dubi na Isa kuma." Ya gyara riƙon tulun. "Da wayona ya aje irin ga, da sai in ce nau ne. Kin san ba wayona ba ne, ke da kanki kin hwaɗi. Ranar Ubangiji ta aje shi. Ba ni iya rufe ƙohwa in ce don gidana kaɗai anka aje shi."

"To Ubangijin shi dama ma Bulus kunu," in ji Inna.

Ban taɓa jin an yi irin wannan magana a gidanmu ba. Baba bai yi fushi ba, ya tsaya kawai rungume da tulu har ta gaji ta kauce. Amma kafin ya kai zaure ta fizgi ƙoƙo ta bi shi, yana fasa lakar ta cusa hannu ta cika shi, ta shige madafa. Bai hana ta ba. Wannan ƙoƙon shi ne kunun Bulus na 'yan kwanaki.

Baba ya aika aka zagaya gari. Mutane suka zo a ɗarare, wasu da ƙoƙo, wasu da hula, wata tsohuwa da haɓar zaninta. Yana zaune a ƙasa yana auna wa kowane gida da ɗan ludayi, Musulmi da Kirista, har waɗanda suka fi kowa yi masa ba'a, yana gaya musu su rage yawan ƙwaya a rami, su shuka kusa da gida inda taki yake. Abin da ya rage a gindin tulu shi ne namu, bai fi na kowa ba. Ina tsaye a bayan ƙyaure ina kallon abincin ƙanena yana fita a cikin hulunan mutane, ina kuka don haushi.

Ranar aka yi shuka. Baba na gaba yana sara da sungumi, ni da Inna muna biye muna jefa ƙwaya muna rufewa da diddige. Ba mu kai ko tsakiyar gona ba iri ya ƙare. Inna ta tsaya ta dubi sauran filin, jiƙaƙƙe, baƙi, yana ta tururin danshi, ta kife ƙoƙon a kanta ta juya gida.

Geron ya fito, ciyawa ma ta fito. Aka yi gayyar noma irin wadda ban taɓa gani ba, babu kiɗa, babu fura, babu tuwon gayya. Yau a gonar wannan, gobe a ta wancan, maza suna noma kunya ɗaya su zauna su huta, idonsu na juyawa. Gonarmu aka fara yi, Malam Isa ne ya ce haka za a yi. Mu mata da yara muna daji neman tafasa da yaɗiya da rama, a dafa da kanwa a ci da ɗan gishiri in akwai. Garin ɗorawa ya zama abin marmari. Marka ta kankama, ruwa ba dare ba rana, ɗaki na yoyo, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika madafa amma tukunya ganye ne kawai a ciki. Yunwar marka ta fi ta bazara ciwo, domin ga abinci kana gani tsaye a gona, kore, yana kaɗawa, amma bai isa ci ba.

Cikin manya yana ɗaukar ganye, na yaro ba ya ɗauka. Bulus ya kama zawo, sannan ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi. Maƙwabta sun yi abin da za su iya. Matar Malam Isa takan kawo ɗan nonon akuya a ƙoƙo in ta samu, amma akuyar ma yunwa take ji. Ya rasu da hantsi, a bayan Inna, tana tsinke tafasa, ba ta ma sani ba sai da ta ji ya yi nauyi. A lokacin gero ya fitar da kai har ya yi bununi, saura kaɗan a fara cin tumu.

Musulmin garin ne suka haƙa kabarin, domin mazanmu kaɗan ne kuma ba ƙarfi. Suka tsaya daga gefe har Baba ya gama addu'a. Muryarsa ba ta yi rawa ba sai da ya zo kan sunan yaron. Bayan 'yan kwanaki Malam Isa ya yi sallama da tumun farko na gonarsa, gasasshe, yana ƙamshi, ya ce a ba uwar gida. Inna ta juya fuskarta ga bango. Baba ya karɓa ya yi godiya, ya riƙe shi a hannu har ya huce, daga baya ya miƙa mini. Na ci, ba zan ɓoye ba, yunwa nake ji, ina ci ina hawaye.

An yi girbi. Ba mai yawa ba ne, amma kowane gida ya ɗaure ɗan abin da ya kai shi wani lokaci, kuma kowa ya sami irin baɗi. Ba gidan da ya tashi. Daga shekarar mutane suka riƙa kiran geron nan Ɗan Lahadi, har ƙauyukan kewaye suka karɓa, sunan ya bi shi. Inna ba ta taɓa kiransa da wannan suna ba har ta koma ga Allah. Ta ci gaba da zuwa majami'a, amma ita da ke jan waƙar mata ba a sake jin muryarta ba. Bayan na yi aure na haihu, na taɓa samun Baba shi kaɗai yana gauraya iri da toka, na tambaye shi ko da an bar mana tulu ɗayan nan da Bulus ya rayu. Na ɗauka zai kawo mini wa'azi. Ya ce, "Ban sani ba, Saratu. Kullum ina tambaya." Ya ci gaba da aikinsa, kuma tulu biyu ya cika kamar kullum.

Ni dai bayan Inna na bi, kuma na rayu a kan haka. Ban taɓa hana maƙwabci gishiri ba, ina ba da baikona a majami'a, amma abin da na san na 'ya'yana ne ba na wasa da shi. In fasto ya yi wa'azin sakin abin duniya, nakan ce a raina wanda bai binne ƙane ba ne yake faɗi da sauƙi.

Yanzu ƙauyen babu kowa. Waɗanda suka leƙa sun ce an ƙone rumbuna, rufin majami'a ya rufta, sabara ta cinye gonaki. Mutanenmu sun watsu, wasu Tsafe, wasu nan Gusau, wasu ban san inda suke ba. Duk wanda na haɗu da shi nakan tambaye shi Ɗan Lahadi, sai ya ce ai abin da suka fito da shi sun ci tun shekarar farko. A iya sanina, na ƙarƙashin gadona ne ya rage.

A gidan hayarmu akwai Malam Garba, mutumin Karakkai ta ƙasar Bungudu, da matarsa Hauwa da yara ƙanana. Shi ma tashinsa aka yi. Yana dako a kasuwa, amma ya sami aron wata 'yar gona kusa da bakin titi wajen Bungudu, inda har yanzu akan yi aiki da safe a baro wurin kafin la'asar. Da ruwan Asabar na bana ya sauka na ce wa Hauwa ta gaya masa ya dakata. Ya yi dariya ya ce Inna Saratu ta cika tsoro. Washegari muna tafiya sujada na gan shi ya fita da ɗan buhunsa. Abin da ya biyo baya ba sai na faɗa ba, rana ta ƙone shi ƙurmus.

Da ruwan gaskiya ya zo, na fito da safe na tarar da shi zaune a kan benci a tsakar gida, hannu a tsakanin gwiwoyi. Ya gaishe ni, ya yi mini barka da ruwa, ya tambayi ƙafata. Hauwa ta san da tulun, don ta sha taya ni shara, saboda haka na san shi ma ya sani. Bai ambata ba. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, ina jin haushinsa kamar ya yi mini laifi. Ni ba ni da yaron da zan dama wa kunu. Abin da nake karewa shi ne maganar baɗi da nake yi wa kaina. Yohanna ya leƙo ya gan ni, ya gane, ya ce a hankali, "Inna, ba mu komawa. Kin sani." Na ce ya fita mini daga ɗaki.

Ban san iya zaman da na yi ba. Na dai durƙusa na jawo tulun, na fito da shi na ajiye a gaban Malam Garba, na ɗauki dutse na fasa lakar. Na gaya masa sunan geron, na ce gajere ne, zai kai ko an makara. Ya miƙe tsaye yana ta addu'a. Da ya ga na juye duka a buhunsa sai ya ce, "Inna, ba ki rage ba?"

"In rage in shuka ina? Bisa siminti?"

Ya ce in Allah ya kai mu kaka, zangarniyar da ta fi kyau tawa ce, shi da kansa zai cika mini tulun. Na ce ya yi sauri kar ƙasa ta sha iska. Amma tun da na fasa lakar hancina ya gaya mini wani abu. Irin Baba in an buɗe yana ƙamshin hayaƙi da rumbu. Wannan warin tsohon ɗaki yake yi.

Kwanaki suka wuce, ya kamata a ce gero ya huda ƙasa. Malam Garba ya fara fita tun ban tashi ba, in ya dawo ya shige ɗaki. Hauwa ma gaisuwarta ta gajarce. Ranar da na tare shi a bakin famfo, ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar ƙasa a tafinsa, da ƙwayoyin gero a ciki, sun kumbura sun yi baƙi.

"Inna, ki yi haƙuri. Bai tsira ba. Ɗai-ɗai dai, nan da can."

Shi ke ba ni haƙuri, alhali ruwan shukarsa na ƙarshe ne ya tafi a kan mataccen iri. Na tambaye shi ɗai-ɗai ɗin za su kai? Ya ce Allah ya sani, ba su da ƙarfi, kuma hanyar ma kwanan nan ta fara lalacewa saboda 'yan bindiga, jiya ba wanda ya shiga gona. Sai maganar Baba ta dawo mini, ta toka da tsufa, daidai yadda ya faɗe ta. Damina nawa tulun nan ya yi a ƙarƙashin gadona, kuma kowace shekara akwai mai 'yar gona a bakin titi da zai karɓa da hannu biyu ya sabunta mini shi. Baba ya ba da nasa yana da rai, ya binne ɗa, gari ya ci. Ni na ba da nawa bayan ya mutu a hannuna. Har yanzu ban ce Inna ta yi kuskure ba, ba kuma zan ce ba. Baƙin ciki kawai nake ji, irin wanda ban ji ba ko ranar da muka baro gida.

Da yamma na wanke tulun, tokar ta bi ruwa ta fita ta kwata. Yohanna ya tambaya ko ya mayar mini da shi ƙarƙashin gado. Na ce ya kai shi gindin indararo, Hauwa tana ƙarancin abin tarar ruwa.